Gurbin Ƙarfe Uku

Layi biyu ne a kan takardata.
Na hagu na Malam Sahabi ne, can Yamai:
abin da ya ce sama za ta yi.
Na dama nawa ne, nan filin jirgin Tawa:
abin da ta yi.
Tsakaninsu fili siriri, bai kai faɗin yatsa ba,
a nan nake noman abincina.

Kowace awa sai in fita,
da fitila, ko da tafin hannu a goshi.
In leƙa tulun awon ruwa,
in buɗe farin akwati mai dogayen ƙafafu
wanda yara ke cewa akurkin Nasara,
in tambayi tutar iska ina ta dosa.
Sannan in kira alamuna ɗaya ɗaya:
hasumiyar ruwa, kilomita biyu,
eriyar rediyo, biyar,
dutsen can mai baƙin kai, goma.
Wanda bai amsa ba, in rubuta bai amsa ba.

Ran sha ɗaya ga Agusta Malam ya ce hadari,
ƙarfe huɗu, daga gabas, da iska mai tsinka igiyar shanya.
Matuƙi ya ji, ya kwana Yamai
da kwalayen allurar yara a cikin jirgi.
Huɗu ta buga, sama fes kamar sabuwar ƙwarya.
Biyar, ko gajimare guda na fitar kunya.
Sai shida da ashirin ya iso yana ruri,
ya yaye kwanon rumfar Yahuza mai gadi,
ya ajiye masa bayan katanga.
Ya zo kam, amma baƙon da ya makara.
Da jirgi ya taso, da ya sauke kaya,
ya sha shayi, ya koma.
Na ɗauki jan bik na ja layi.

Shi ya koya mini sunayen gizagizai,
shi na buga wa talho da hannu mai rawa.
Ya ce, minti nawa?
Na ce, ɗari da arba'in.
Na ji ƙarar alƙalaminsa ta cikin waya.
Ya ce, kada ki rage mini ko ɗaya.

Babana a Kalfu shinshina iska yake
ya ce jibi a fitar da iri.
In ya dace, gari ya yi shekara goma yana faɗi.
In bai dace ba, Allah ne bai nufa ba.
Babu wanda ya taɓa riƙe masa kaye.
Ya tafi da sunan wanda bai san kuskure ba,
ya bar mu da gonar da aka shuka sau uku.

To ga tawa.
Daren sha tara, ɗana Illa na fama da zazzaɓi,
kwana biyu ban runtsa ba.
Na ce bari in jingina goshi da tabur.
Na buɗe ido, uku da arba'in.
Gurbi fayau yana kallona.
A hagu: iska lallausa daga kudu maso yamma, gani har goma.
Ƙarfe biyu haka na gani.
Ƙarfe huɗu haka zan gani.
Yahuza na minshari. Wa zai sani?
Bik ya sauka kan takarda
har ya bar ɗigo.

Sai na ji muryar nan: ko ɗaya.
In na ari bakinsa na sa a idona,
da me zai auna kansa gobe?
Mai gero ba ya shaidar mudunsa.

Na rubuta: ban gani ba.
Na sa hannu, Rakiyatu.

Ƙarshen wata takarda ta tafi Yamai
da jan layinsa, da farin gurbina.
Ɗigon yana nan, ban goge ba.
Biyar saura kwata yanzu.
Bari in je in ji ko dutse zai amsa.