Tudun Bedi

Mannir ya aiko mini murya daga bakin teku,
yana haki kamar mai tura amalanke:
"Yaya Barira, ina bisa wani tudu,
itatuwa sun haɗa kai sun hana rana leƙe,
ƙasa a jiƙe ko ba a yi ruwa ba.
Ga birni can ƙasa, ga jiragen ruwa
kamar ƙoren da aka manta a tafki."

Sau uku na saurara. Na jingine tsintsiya.

Mu nan Daura ba mu da teku,
amma bayan gari, in ka wuce maƙerar Ɗan'iya,
akwai tudun da Baba ya dasa wa bedi
zamanin da yake leburan gandun daji,
garwa biyu a kafaɗa, safe da yamma,
albashi kuwa sai wata ya bi wata.

Na gyara ɗaurin zane, na hau.
Ƙarangiya ce ta fara yi mini maraba,
ta riƙe gefen zanena kamar mai bin bashi.
Wata tsohuwar kanya ta zubar da 'ya'ya,
ba mai tsinta sai tururuwa.
Na ci biyu. Ɗaya da tsutsa.
Hasbiya ta tashi fir, gabana ya faɗi,
damo ya dube ni, bai ga abin gudu ba.
Na ƙirga kututture, sabon sara,
goma sha ɗaya.
Wani ya dafa tuwo da gumin Baba.
Ban zage shi ba, na san kuɗin icce a kasuwa.

A ƙololuwa iska ta sauya harshe.
Gero ya kai wuya, damina ta yi albarka,
daga gindin tudu har inda ido ya gaji
yana kwantawa yana tashi,
yana kwantawa yana tashi,
rumbuna tsaye a ciki, ba mai tuƙa su.

Na ɗaga waya na danna, ban ce uffan ba,
na bar ganye ya yi magana minti guda cur.

Sai bayan la'asar ya amso:
"Yaya, wane teku ne wannan?"

Na ce, wanda ka bari.
In za ka dawo, kada ka wahala da atamfa,
ƙullo mini iri a bakin hankici.
Gurbi goma sha ɗaya na jira,
kuma garwar Baba ɗaya ba ta yoyo.