Shekarun Inji

Boakye ya rantse da kabarin uwarsa
injin nan yaro ne, bara ya sauka Tema.
"Wata tsohuwa ce ke jan motar,
coci kawai take zuwa ta koma."
Na biya. Kuɗin Hajara ne,
na tukunyar wake da shinkafa,
shekara biyu tana tarawa a gwangwanin madara.
Ta ƙirga mini a kan tabarma, ba ta ce uffan ba.

Muka ɗora shi a baro, muka ratsa Suame,
ƙasa baƙa ƙirin da tsohon mai,
ruwan daren jiya kwance a ramuka yana bakan gizo.
A gareji na ɗauko fulawil ɗin injina da ya mutu.
Raminsa shida.
Bayan wannan kuwa, rami takwas.
Na juya, na sake juyawa,
sai ka ce juyi zai haifi rami.

Gambo, yaron gareji, ya ce a huda biyu a huta.
Baba Sallau bai ko ɗago kai ba:
"Huda kunnenka, in huda kake so.
Kai kuma, kawo kananzir, kawo samfefa, kawo alli.
Inji ba ya ƙarya.
Mai sayar da shi ne ke da baki."

Idonsa na hagu walda ta cinye tuntuni,
na dama ma sai rana ta yi tsaka.
Ya durƙusa, gwiwa na ƙara kamar ƙofar langa-langa,
ya lalubo gefen buloko,
can inda giyabos ke haɗa baki da inji,
ya goge, ya kankare, ya busa, ya shafa alli.
Harafi biyu suka fito, da lamba bakwai.
Ta huɗun tsatsa ta ci rabinta.
Uku ce, ko takwas?
Tsakaninsu shekara biyar,
tsakaninsu sidi ɗari tara da ba ni da su.

Ya yago takardar siminti ya goga fensir, ba ta nuna ba.
Sai ya tofa yawu a babban yatsa, ya rufe ido,
ya bi lambar a hankali
kamar mai laluben ƙaya a ƙafar jika.
"Takwas cikinta biyu a rufe suke.
Wannan a buɗe take ta hagu.
Dubu biyu da uku.
Tsohuwar Boakye cocinta da nisa."

Gareji ya ɗauki dariya. Ni ban yi ba.

"Kada ka tsaya a rami," in ji shi.
"Ka taɓa sayen rago ba ka buɗe bakinsa ba?
Ƙirga haƙora. In sun saɓa, sitata ba za ta ciza ba."
Shagon Maame Serwaa, fulawil jibge kamar faifai a rumbu.
Na zauna a kan taya ina ƙirga,
ina ɗiga alli kowane goma.
Na farko ya yi rara da uku.
Na biyu haƙori biyu a karye.
Na uku, da la'asar sakaliya,
ya zauna daram, noti takwas suka shige
babu gardama.

Ina ɗaurewa na tambaye shi tasa shekarar.
"Ni wa ya buga mini lamba?
Na fara riƙe sifana shekarar da aka koma tuƙin dama.
Kafin nan, lissafa da kanka."

Makulli. Tari ɗaya. Tari biyu.
Ya kama.
Hayaƙi shuɗi ya kori kajin maƙwabta.

Bayan magariba na isa Aboabo.
Hajara na kankare gindin tukunya, ba ta juyo ba.
"Shekararsa nawa?"
Na ce ya girmi ɗanmu na fari.
"To ya san aiki ke nan.
Wanke hannunka kafin ka taɓa mini ƙofa."