Keke Bakwai

A shagona na Tudun Wada keke bakwai ne.
Yau biyu ke kuka, biyar sun yi shiru,
na lulluɓe su da tsohuwar atamfa kamar masu zazzaɓi.

Ban taɓa riƙe dala a hannuna ba,
a bakin rediyo kawai na san ta,
amma duk ranar da ta yi tari a Legas
zaren Sabon Gari sai ya kwana da mura.
Wuta baƙuwa ce, ba ta zama,
janareto kuwa ya shanye ribar kafin azahar.

Ran Laraba na kira Mudansiru bayan la'asar.
Shekara tara yana zana aska a ƙirjin riga,
hannunsa bai taɓa karkacewa ba.
Na ce, ka ɗan huta zuwa Sallah.
Ya ce, wace Sallar?
Na kalli ƙasa.

Wani malami daga Samaru ya zo karɓar ɗinki,
ya ce sunan ciwon hauhawar farashi,
ya ambaci kuɗin ruwa, ya ambaci bashin ƙasa,
sannan ya roƙi in ɗaga masa ƙafa zuwa ƙarshen wata.

Ɗazu na hango Mudansiru a Kwangila
bisa babur na haya, yana ratsa tireloli
da yatsun nan da suka saba da allura.
Ya ɗaga min hannu.

Almakashinsa na nan inda ya ajiye,
ban bar kowa ya taɓa ba.