Cokali Ɗaya

A gwanjon asibiti na saye ta,
tsohuwar motar ɗaukar marasa lafiya
wadda na shekara goma sha tara a bayanta,
hannuna sama, riƙe da ledar ƙarin ruwa,
ina ce wa direba ya ƙara wuta.
Watan da na ajiye farin kaya
ita ma aka rubuta mata sallama.
Na ce mu tafi tare, gajiyarmu ɗaya.

Wada mai walda a Dilimi ya cire jiniyar,
ya ƙera mini gado a gurbin na majinyata,
ya kafa ƙugiya uku: ta buta, ta tocila, ta mayafi.
Risho a kusurwa, jarka biyu,
faranti ɗaya, cokali ɗaya.
Ya ce, "Sista, in baƙo ya zo fa?"
Na ce baƙo ya taho da nasa.

Daren farko, gindin duwatsun Shere,
sanyi ya shigo bai yi sallama ba.
Ƙarfen rufi yana hucewa, ƙas, ƙas,
na kwana ina ƙirga shi kamar bugun jijiya.
Da asuba na zuge ƙofa,
hazo ya kwanta a kan ƙafafuna,
babu agogon da ke jirana,
babu mai kiran sunana daga ƙarshen baranda.
Na yi kuka kaɗan. Sannan na dafa shayi.

A Farin Gada, Kaneng mai dankali
ta leƙo ta ga albasa rataye a madubi.
"Maigidan fa?"
Na ce yana kwance can titin Zariya,
shi ma ya daina biyan haya.
Ta yi shiru, ta ƙara mini karas biyar,
washegari ta kawo gwate a kwanon sha.

Zuwaira takan kira daga Abuja:
"Umma, mutane fa suna magana."
Nakan ce su ɗaga murya,
nan inda nake layin ba ya kamawa.

Amma ban ce babu wuya ba.
Akwai sa'ar nan ta bayan magariba
da tururin tukunya kaɗai ke motsi.
Akwai farashin mai. Akwai gwiwa.
Akwai ƙanƙarar da ta same ni a Lamingo
tana dukan rufi kamar mai bin bashi.
Ranar da ta yi nauyi nakan tafi Rayfield
in zauna bakin kududdufan kuza:
ramukan da aka kwashe wa ciki,
yau ga su cike da sararin sama.

Sai daren Talata, kusa da Bukuru,
wani ya buga gilashi da tafin hannu.
Ya hango inuwar tsohon fenti a jikinta,
wanda Wada ya shafe bai shafu ba.
Matarsa durƙushe bakin kwalta,
babur ɗinsu ya ƙi tashi.
Ban tambayi sunansa ba, ban tambayi coci ko masallaci ba.
Na ce ya haska tocilar nan, ya daina rawar hannu.
Yarinyar ba ta jira asibiti ba,
a kan bargona ta faɗo,
ta tsala ihun da ya fi jiniyar da aka cire.

Gari ya waye ina wanki a rafi,
na shanya zanin gado a kan rufi,
motar tana ɗiga, ni ma haka.

Yau na shiga Taminus sayen ashana.
Ban san yadda aka yi ba,
na fito da cokali na biyu.
Yana cikin aljihun ƙofa,
duk ramin da muka faɗa
sai su gaisa da ɗan'uwansa.