Yau Kuma Wa Ya Mutu?

Mu bakwai ne a Maradi duka,
takwas in an ƙirga da Rabe,
wanda ke zare zobbansa a bakin zaure
kafin ya gaida mahaifinsa.

A waya muka tsinci sunan: gotik.
Kafin nan ba mu da suna,
sai son dare,
da kiɗan da ke tafiya a hankali
kamar masu ɗauke da makara.
Kwallin Shafa'atu na kakarta ne,
ita dai ta ƙara masa hannu.
Rigata farar shadda ce ta salla,
na kai ta marina, na ce a tsoma ta
har ta manta an taɓa yin salla da ita.

Baƙin kaya a bazarar garin nan
ba ado ba ne, alkawari ne.
Rana na bin mu kamar mun ci mata bashi.

A bakin Babbar Kasuwa ƴan kabu-kabu na tsokana:
"Yau kuma wa ya mutu?"
Ma'azu ya ce, "Ba kowa. Tuni muke muku."
Iya Tasalla mai ƙosai
takan yi a'uziyya a gefen mayafi
ta miƙo mana canji da hagu.
Sau biyu ana kai mu gaban liman.
Ya ce bai san inda aka hana baƙi ba,
amma sarƙar wuyan Rabe ta fita.

Malam Ɗan Jimma mai gadin maƙabarta
shi ya fara ba mu aiki.
"Tunda mutuwa kuke so haka, ga fartanya."
Kowace Lahadi muna nome ciyawa,
muna tsince leda daga ƙaya,
muna ɗauko allunan da sunansu ya koɗe.
Shafa'atu ba ta shiga.
Tana bakin ƙofa da gwangwanin fenti
tana mai da haruffa gurbinsu,
wance ƴar wane, shekara kaza.
Rannan ta ce, "Yaran sun yi yawa."
Ba ta sake magana ba har magariba.

Sai Agusta.
Kwana biyu sama ba ta rufe baki ba,
Gulbi ya cika ya kawo,
katangar gabas ta gaji ta zauna.
Ƙarfe biyun dare tsohon ya buga waya.
Ya buga wa mutum tara, in ji shi,
duk suna barcin mutanen kirki.
Mu dama idonmu biyu.

Buhun yashi a kafaɗa, tocila a baki,
takalmin Ma'azu mai ƙarfe ya tafi da ruwa,
ya ƙarasa aikin da ƙafa ɗaya a sake.
Mijin Iya Tasalla na layi na uku daga katanga.
Mun san shi, mu muka sabunta masa suna.
Ruwa ya lashi layi na ɗaya,
ya shinshina na biyu,
ya tsaya.

Da gari ya waye laka ta mai da mu jajaye,
ba ka bambance mu da ƴan unguwa
da suka zo bayan asuba da shebur.
Iya Tasalla ta tsaya a ƙofa da faranti.
Ba ta yi godiya ba.
Ta miƙa wa Shafa'atu da dama, ta ce,
"Ci. Ki kuma wanke fuskar nan,
kin koma kamar mujiya."

Har yau ana tambaya a kasuwa,
har yau Rabe na zare zobba a zaure.
Rigata na kan igiya, shuni na ɗiga.
Inna ta janye farin zanenta can nesa,
ta dawo ta ɗaure hannun rigar da igiya
kada iska ta yar da ita.