Jirgin da Ke Kwana a Gareji

Jirginmu ya fi sabawa da kwalta a kan teku.
Wata goma yana kwance a gareji a Osorno,
tsakanin buhun dankali da tsohon keke,
har kyanwa ta haihu sau biyu a cikinsa.
Janairu na kamawa, zafi ya sauko kudu,
sai mu ɗaura shi a bayan mota,
Eladio na lalube yana ƙirga notunan tirela,
ina cewa an ɗaure, yana cewa a sake dubawa.

Taku goma sha takwas ne tsawonsa.
Shi ya sassaƙa shi, lokacin idonsa na nan,
kafin ciwon sukari ya rage masa fitila
kaɗan-kaɗan, kamar mai tsimin kananzir.

A Hornopirén na ja mota da baya
har ruwa ya lashi taya.
Yaran masunta suka kama mana muka tsayar da sanda.
Ɗayansu ya ce, "Kaka, a wannan tasa za ku shiga?"
Na ce, kada ka ga ƙanƙantar allura, yaro,
ƙarfe ce.

Akala a hannuna, igiyar ƙyalle a nasa.
Iska kan fara gaisawa da kuncinsa
kafin ta iso wurina.
"Saki kaɗan. Ja. Ta juya, Rosalba, ba ki ji ba?"
Ban ji ba. Shekara arba'in da ɗaya
ban taɓa ji kafin shi ba.

Rana ta uku hazo ya rufe mu ruf.
Taswira ta jiƙe, waya ta zama madubi,
bakin lungun da muke nema
siriri ne kamar ƙofar da aka manta ba a ja ba.
Gabana ya faɗi. Na ce mu koma.
Ya miƙe tsaye, ya dafa kafaɗata,
ya tafa hannu sau ɗaya.
Dutse ya amsa daga dama.
Ya sake tafawa.
Na hagu ya yi jinkiri, sannan ya amsa.
"Karkata hagu. Ƙara. Tsaya haka."
Da tafi muka shiga,
mai ido tana bin makaho.

Ciki kuwa shiru,
sai ruwa da ke zubowa daga ƙanƙarar kan tsauni
fari fat, ba ya gajiya.
Manyan jirage ba sa zuwa nan, ƙasa za ta kama su.
Mu muka ɗage allon ciki, muka jefa anka,
teku ta kwashe kayanta da yamma,
jirgi ya zauna a yashi kamar kaza a kan ƙwai.

Ermelinda ta fito daga gidan katako ɗaya tilo,
karnuka biyu a gaba, hayaƙi a gashinta,
da ƙumba kyafaffiya shirye a zare.
Ba ta karɓi kuɗi ba. Batir take so, da gishiri.
Ta ce rabonta da baƙo tun Nuwamba.
Ta tambayi farashin fulawa,
ba ta tambayi wa ke mulki ba.

Da dare muka kwanta kafaɗa da kafaɗa,
don wurin bai isa a yi fushi ba.
Ya ce, "Me kike gani?"
Na leƙa ta murfi. Gajimare ne baƙi ƙirin.
Na ce taurari, Eladio, sun cika sama maƙil,
har wasu sun faɗo cikin ruwa.
Ya yi shiru, ya yi dariya ta hanci.
"Ƙarya kike. Ina jin ƙamshin ruwan sama.
Amma ci gaba. Ina babbar take?"

Na nuna masa da nasa yatsan.

Kafin asuba ruwa ya tsuge,
teku ta dawo ta ɗaga mu ba sallama.
Ashana ta jiƙe, shayi sai gobe.
Ina kwance ina tunanin ko na kashe fitilar mota,
shi kuwa ya riga ya fita,
yana jan igiyar anka hannu-hannu,
yana ƙirga ƙulli, yana faɗa mini zurfin.