Layi Ɗaya

A Kushiro, inda hazon teku ke kwana a bakin ƙofa,
babana Tokuji na da wani abu a aljihun hagu,
siriri kamar gidan tabarau.
Magatakarda yake ce masa.

Allonsa layi ɗaya ne tak.
Harafi ashirin da huɗu; ka ƙara ɗaya,
na farko ya sulale ta gefe
kamar baƙon da ya ji ana ƙirga loma.

Igiyar jirgi ta kumbura masa yatsu,
sai da tsinken ashana yake danna maɓallan.
Goma, ashirin, talatin,
haka ya jera umarni, dare bayan dare,
har abin ya koyi cikar teku da janyewarta.
Cikinsa bai fi na sauro ba,
don haka kowace kalma sai an yi mata aski
kafin ta sami wurin zama.

A kaset yake adana aikin.
In ka saurara, kukan gyare ne kawai.
Ran nan inna Fumie ta naɗi shirin girki a kai.
Kwana tara ba a ji muryarsa a gida ba,
sai ƙaf, ƙaf, ƙaf na tsinke.

Daga baya aka kawo mai layi huɗu,
aka kawo mai murfi kamar kawa,
da wanda ake yi wa rubutu da alƙalamin roba.
Ƙanena Noriaki ya saye su ɗaya bayan ɗaya,
har waya ta zo ta haɗiye su duka, ko gyatsa babu.
Baba ya ce, "Wanda ya san komai
bai san mashigar jirgina ba."

Bara muka kwashe kayansa.
Batir ya mutu tuntuni, ya tafi da abin da ke ciki,
amma littafinsa na nan, shafukan sun sha gishiri.
A Sapporo, hawa na sha ɗaya, babu teku ko a taga,
na zauna da tsinken sakace ina kwafa.
Sau uku ina kuskure a layi na saba'in.

Sai allon ya farka, toka-toka:
ISKA DAGA INA?

Na leƙa waje. Motoci.
Na rubuta: GABAS.

Ya yi jim, irin jim ɗin mai shi,
sannan ya ce:
YAU ZAUNA GIDA.